Tauren Baba Mishel

Ranar Nowel ce, wato Kirsimeti, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, makarantar bokon Dabaga, na fito daga gidan Baba Mishel da kwando a ka, kwanonin nama jere a ciki, kowanne an rufe shi da faifai. Sanyin duwatsun Abzin yana cizon yatsuna, amma zafin romo ya ratso kwandon yana ɗumama mini tsakiyar kai. Na fara da gidan Alhaji Sale mai kamyon, babbar motar kaya, don shi ne babban gida na farko a kan hanya, kuma nan na saba farawa kowace shekara. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye kwano a gabansa. Yana zaune a zaure da 'yan korensa suna shan shayi. Ya ɗaga faifan da ɗan yatsa ɗaya kamar mai tsoron kunama, ya leƙa, kuma wallahi da idona na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sannan ya mayar da faifan ya ce, "Ɗauki abinki, yarinya. Ki ce wa mai shi mun gode, amma yanzu mun san addini." Mutumin da bara ya karɓi kwanon nan har yana tambaya ko an manta ba a sako masa hanta ba, shi ne yau ya san addini. Na ɗauki kwanon na fita, kunnuwana suna zafi.

Daga nan duk gidan da na shiga sai in tarar kamar an haɗa baki, kuma ashe an haɗa ɗin. Alhaji ma gara shi, ya faɗa da bakinsa. Sauran ko wannan ƙarfin halin ba su da shi. Wani ya turo yaro ya ce maigida ba ya nan, ga takalmansa kuwa a bakin ƙofa, ga tarinsa ina ji daga cikin ɗaki. Wata mata, wadda Baba Mishel ya tare wa mota a kan hanya ya kai ta likita Agadas tana naƙuda har ta haifi ɗan da take goye da shi a ranar, ta dube ni ta ce wai an hana ta cin nama saboda ciwon ciki. Na zagaya unguwa kaf, kwandon nan bai rage nauyi ba sai da kwano biyu: na gidanmu, da na wata tsohuwar Buzuwa da ake kira Tamu, wadda ba ta gani sosai kuma ba ta jin tsoron kowa.

Bari in faɗi ko wane ne Baba Mishel, don yaran yanzu ba su san shi ba, manyan da suka san shi kuma sun fi son a bar maganar. Mutumin Dogon Dutsi ne, Bakatolike, dogo baƙi mai faɗin tafin hannu. Ya zo Abzin yana saurayi, yana taya wani mompe, wato limamin Kirista na misiyon ɗin Agadas, aikin ginar rijiyoyi. Mompe ya koma ƙasarsu, shi kuwa ya ga ƙasar bakin ƙorama ya ce a nan zai tsufa. Maigarin wancan lokaci ya ba shi fili, ya je gida ya auro Inna Mari, suka kafa garka, wato lambu. Su kaɗai ne Kirista a unguwarmu. 'Ya'yansu maza biyu tun suna ƙanana aka kai su karatu Yamai, shi ya sa ni da nake maƙwabciya na zama 'yar aiken gidan, kuma 'yar gidan.

Garkarmu da tasa shingen kaba ne kawai ya raba su. Babana, Malam Idi, mutumin Tawa ne, shi ma zuwa ya yi, kuma raƙumi ɗaya suke ban ruwa da shi. Wanda bai tashi a garka ba ba zai san kukan kwarkwaron rijiya da sassafe ba, raƙumi yana tafiya yana dawowa, wasaki, gugan nan na fata, yana fitowa cike yana juye ruwa a kwami, ruwan yana bin lambatu yana shiga fangalin albasa da na alkama ɗaya bayan ɗaya. Jan raƙumin nan aikinmu ne mu yara kafin a tafi lakwal da bayan an taso. Ni na fi son ranar da ban ruwa ya faɗo a garkar Baba Mishel, don shi ba ya tsawa. Yana tsaye da fartanya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan, yana rera waƙoƙinsu na ibada ƙasa-ƙasa, in na gaji ya ce in je in tsinci dabinon da ya faɗo. A ƙarƙashin goribarsa muke carafke da 'yan uwana mata, mu gina ɗakunan laka a bakin lambatu, mu yi wa 'yar tsana ta kara biki da ganyen tumatir. Ranar Juma'a shi ke shayar da garkarmu babana ya tafi masallaci. Ranar Lahadi babana ke shayar da tasa, shi kuma ya sa farar riga, ya zauna da Inna Mari da carbinsu mai gicciye, ko su bi kamyon zuwa egliz, wato coci, a Agadas in an samu mai tafiya. Ba wanda ya zaunar da su ya tsara musu haka, kuma ban taɓa jin sun yi gardama a kai ba.

Shugabanci kuwa ba nema ya yi ba. Wata damina ƙorama ta zo da hauka ta cinye garake da yawa, manyan gari suka zauna a inuwa suna ta salati suna jiran gwamnati. Shi ya tashi ya bi gida-gida ya kira gayya, aka yi ta ɗauko duwatsu a kan jakuna ana jera su a bakin ƙorama, yana gaba, kafaɗarsa duk ta saluɓe. Bayan nan da aka kafa koperatif, ƙungiyar masu garka, baki ɗaya aka ce shi ne farzidan, wato shugaba. In awakin makiyaya suka faɗa wa albasar wani, shi ake kira, don yana jin Buzanci kamar a tanti aka haife shi, kuma ba shi da dangi a kowane ɓangare balle a ce ya yi son kai. In mata da miji suka ɓata, a zaurensa ake shiryawa. In iri ya ƙare wa mutum, rumbunsa ake zuwa. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarsa ina yake fuskanta in zai yi addu'a. Ana bukatarsa, to addininsa bai dami kowa ba.

Akwai wata al'ada tasa da duk garin ya sani. Baba Mishel ba ya yanka da hannunsa, ko da ɗan tsako ne. In za a yi yanka a gidansa sai ya leƙo ta kan shinge ya kira babana, babana ya zo da wuƙarsa, ya fuskantar da dabba gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Ya kan ce, "Naman da maƙwabcina ba zai iya ci ba, ba na so ya shiga tukunyata." Da damina ta ɗauke sai ya sayi ɗan taure ya ɗaure a bayan ɗaki don Nowel, a yi ta ɗura masa dusa da ganyen masara da ruɓaɓɓen dabino har wuyansa ya yi kauri. Mu yara mu ke kai masa ruwa, mu hau bayansa in ba kowa, ya watsar da mu a cikin toka. Ranar Nowel babana ya yanka, Inna Mari ta dafa da albasa da tumatir na garkarsu, a zuba a kwanoni, ni in rarraba. Da Sallar Layya kuma kwanonin gari su yi ta shigowa gidansa.

A wurinmu ba a mayar da kwano fanko. Wanda aka kai wa abinci zai juye, ya wanke, ya saka ɗan abin da ya samu: dabino, cuku, ɗan gero, ko ƙullin sukari. In na dawo da kwanoni, Baba Mishel da kansa yake buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan gidan da kowanne ya fito, yana dariya kamar yaro. Ba dabinon ne ya dame shi ba, yana da itatuwansa. Ya taɓa gaya mini, ina zaune ina cin cukun da aka sako, cewa shi ba shi da kabarin uba ko na kaka a ƙasar nan, abin da ke nuna masa shi ɗan gari ne kwanonin nan ne. Duk shekara yana aika su ne ya ji ko har yanzu garin na tare da shi.

To me ya faru a shekarar nan da mutane suka san addini dare ɗaya? Motopomp ne ya faru. An ji labarin wani proje, wato shirin agaji, zai kawo wa koperatif motocin ban ruwa, kuma ta hannun farzidan za a raba. Baba Mishel ya ce ba za a ba kowa nasa na kansa ba, za a riƙa zagayawa da su garka-garka, a fara da waɗanda ba su da raƙumi ko sa. Alhaji Sale kuwa yana da garake uku da surukai masu garake, ya riga ya gama rabon a zuciyarsa. Ya san ba zai iya cewa Baba Mishel ɓarawo ne ba, ko jaki zai yi masa dariya. Sai ya bi ta inda ya san mutane ba za su iya buɗe baki ba. Ya fara cewa a zaure, wai yaya wanda ba ya salla zai shugabanci masu salla, wai cin naman Nowel taya Kirista biki ne. Alhajin da kowa ya san in ya tafi Arlit da albasa ba a ganin goshinsa a ƙasa sai ya dawo, shi ne ya zama mai wa'azi. Liman ya gaya wa babana a kunne cewa naman da Musulmi ya yanka da sunan Allah babu abin da ya haramta shi, kuma kyautata wa maƙwabci umarni ne. A kunne fa. A fili bai ce uffan ba, kwanon gidansa ma yana cikin waɗanda na dawo da su.

Da na shigo da kwandon a ranar, Baba Mishel yana zaune a kan kujerarsa ta kaba da farar rigarsa. Ya ga yadda nake tafiya ya san da nauyi, amma duk da haka ya buɗe. Ya ɗaga faifan farko, nama ya yi sanyi, mai ya daskare a kai. Ya ɗaga na biyu. Bai tsallake ko ɗaya ba, kuma bai faɗi sunan gidan kowa ba. Inna Mari tana tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu, ta juya mana baya. Na fashe da kuka, ba na tausayi ba, na haushi, ina faɗin abin da kowa ya ce da yadda takalman wane suke a bakin ƙofa. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo kwano ɗaya ya ce, "Zauna ki ci, Rabi, kin sha tafiya." A kwanon Tamu ya sami cuku guda, a namu dabino. Ya riƙe cukun nan a hannu har aka kira la'asar.

Abin da ya sa har yau in na tuna nake jin tofar da yawu shi ne abin da ya biyo baya. Rana na shirin faɗuwa sai ga yara ta bayan shinge, ba ta ƙofa ba, kowa da ɗan gwangwaninsa a ɓoye cikin riga. Wannan ya ce innarsa ta ce a sam mata romo don mai jego, wancan ya ce kakarsa ce ba ta da lafiya. 'Ya'yan gidajen da suka kore ni da hantsi ne, har da na mai ciwon cikin nan. Inna Mari ta cika wa kowa. Ashe naman bai haramta ba, ganin idon Alhaji ne ya haramta. A bayan ɗaki halal, a zaure haram. Tir da wannan hali.

Ba a daɗe ba aka kira taron koperatif a gindin gawo, mu yara muna leƙe daga nesa. Aka ce mai son canji ya ɗaga hannu. Hannuwan da Baba Mishel ya ɗora wa iri, hannuwan da ya kama ya fitar daga ƙorama, suka tashi sama, masu su suna kallon ƙasa. Babana ya naɗe nasa a ƙirji, shi da wasu tsofaffi da ba su taka kara sun karya a wurin ba. Baba Mishel ya ciro makullin magazan, ɗakin ajiyar koperatif, daga aljihu ya miƙa wa Alhaji Sale da hannu biyu, ya yi wa jama'a godiya, ya koma garka don ranar ban ruwansa ce. Motopomp suka zo, suka sauka inda kowa ya san za su sauka. Waɗanda suka ɗaga hannu suka ci gaba da jan wasaki da jakunansu, suna gunaguni a ciki-ciki.

Na ɗauka shi ke nan an gama Nowel a gidan. Ina! Damina na ɗaukewa sai ga sabon ɗan taure a bayan ɗaki. Babana ya yanka, Inna Mari ta dafa, aka jera kwanoni kamar ba abin da ya faru. Na ce ni ba zan kai ba, ba zan sake durƙusa wa mutanen nan ba. Na tambaye shi don me zai yi ta ba da kansa ana wulaƙantawa. Ya ce, "Ɗiyata, in na daina aikawa, ni na rufe ƙofa. Su rufe tasu in sun ga dama, ni ba zan rufe tawa ba." Na ɗauki kwandon ina ƙunƙuni, na je, na dawo da shi da nauyinsa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har na yi aure na koma Agadas ƙanwata ta gaji kwandon. Wani lokaci a samu gida ɗaya ya karɓa a sace, wata shekarar ya fasa. Kuma kada ku ɗauka sun daina zuwa wurinsa. In tsutsa ta faɗa wa tumatir, in rigima ta tashi da makiyaya farzidan ya rasa ta cewa, sai ka gan su sun bi ta garka suna "Baba Mishel, Baba Mishel" da murya mai zaƙi. 'Ya'yansa suka yi ta roƙo ya komo Yamai ya huta, ya ce shi ɗan Dabaga ne, ina za shi.

Ya rasu cikin sanyi, Nowel ta kusa, bayan ɗan zazzaɓin da bai kai ya kawo ba. Wani mompe na misiyon ya zo da mota aka kai shi maƙabartar Kirista a Agadas, babana yana riƙe da makara da tsufansa. Muka dawo Dabaga zaman makoki, sai na tarar gidan ya cika har waje. Duk suna nan. Alhaji Sale a sahun gaba, gemu ya yi fari, yana ba da labarin yadda shi da marigayi suka tare ƙorama, shi da ko tsakuwa bai ɗauka ba. Wannan ya ce ba a taɓa mutum irinsa ba, wancan ya ce uban gari ne. A bayan ɗaki kuwa tauren shekarar yana ɗaure, ya yi ƙiba, yana ta kuka don ba a kai masa dusa ba. Inna Mari ta fito ta dube shi, ta dubi jama'ar da za a ciyar, ta ce da babana, "Malam Idi, ɗauko wuƙarka."

Wuƙar nan dai ce, hannun nan ne, tukunyar nan ce, kwanonin nan ne. Ni na zuba, ni na kai. Suka sa hannu ba wanda ya tambayi komai. Na ajiye wa Alhaji Sale nasa, na koma gefe ina kallo yana tsotsar ɓargo, har ya ɗago kwano ya ce a ƙaro romo. Na kawo, na durƙusa kamar yadda na durƙusa masa ina yarinya, na ce yadda na kusa da shi za su ji, "Alhaji, tauren Nowel ne fa." Hannunsa ya tsaya a cikin kwanon. Na ɗauka zai ji kunya. Sai ya ce ai wannan na makoki ne, Allah ya ba mu haƙuri, ya kai loma baki.

Na koma madafa, na ce wa Inna Mari ta ba ni izini in kwashe kwanonin nan daga gabansu. Tana zaune a kan turmi da baƙin zane, ta kama hannuna ta zaunar da ni. Ta ce, "Bar su su ci, Rabi. Shekarun nan duka abin da yake jira ke nan." Da yamma na tattara kwanoni, kowanne an suɗe shi tas, na jera su a gaban kujerar kaba don nan na saba ajiyewa. Ba mai buɗewa.

Yanzu Inna Mari tana Yamai wurin 'ya'yanta, garkar ta shiga hannun wani. In na je Dabaga ba na jin kukan kwarkwaro, sai rurin motopomp ta ko'ina, samarin da za su ja raƙumi duk sun tafi Cibarakatan neman zinariya. Duwatsun da Baba Mishel ya jera suna nan a bakin ƙorama suna tare wa jikokin masu ɗaga hannu ruwa, ba wanda ya gaya musu wa ya ɗauko su. Shi ya yafe tun yana da rai, na sani. Ni dai ban kai shi ba, kuma ba na jin zan kai. A unguwarmu a Agadas akwai wata tela 'yar Togo da ke aiko mini abinci duk Nowel. In yarinyarta ta yi sallama, ba na bari ta shigo ciki. Ni ke fita bakin ƙofa, inda kowa ke gani, in karɓa da hannu biyu, in juye, in wanke, in cika kwanon da dabino. Wani lokaci ina tsayawa in bi yarinyar da kallo har ta sha kwana, kwanon a kanta. Da a ce haka kwandona ya sake dawo masa ko sau ɗaya kafin ya tafi.